Zambon da Na Yi a Filin Kokawa

Ni da wana muka gaji kiɗa daga kawunmu, a wani gungu da ke tsakiyar kogin Kwara, kudu da Yelwa. Shi ke riƙe ganga, ni ke waƙa. Idan kaka ta yi, samari suka fara kokawa, mu ke bin su da kiɗa daga wannan gungu zuwa wancan. Shekarar da aka sami 'yancin kai har Yelwa aka kai mu, muka yi wasa a gaban mutanen da ba su san mu ba. A ranar na lura cewa idan na yabi mutum murmushi kawai ake yi, idan kuwa na yi masa zambo, fili gaba ɗaya ke ɗaukar shewa. Tun daga nan na fi ba zambo ƙarfi.

Da aka datse kogi a Kainji, ruwa ya ci gungunmu. Aka kwashe mu zuwa tudu ta wajen Ngaski, aka ba mu ɗakunan siminti a jere, masu zafi kamar tanda. Kusa da mu akwai wani tsohon ƙauyen manoma, fadama ɗaya ce tsakaninmu da su. Suna cewa ta kakanninsu ce, muna cewa hukuma ce ta nuna mana ita. Kafin damina ta fita an tuge shuka, an sare wa akuyar wani ƙafa, mata sun daina gaisawa a bakin rijiya. Dattawan ɓangarorin biyu suka ga a shirya kokawa bayan girbi, ko wasa zai sanyaya zukata.

Gwarzon ƙauyen nan wani dogon saurayi ne mara yawan magana, wanda ba a taɓa kai bayansa ƙasa ba. Ubansa kuturu ne, yana zaune a wata bukka a bayan gari, kuma shi ɗan ne ke kai masa tuwo da hannunsa. Da safen ranar samarinmu suka same ni suka ce in nemo abin da zai karya masa zuciya kafin a kama. Wana yana ɗaure tsarkiyar ganga yana jinmu. Da suka tafi ya ce mini in yi wa saurayin zambo a kan tsawonsa ko tafiyarsa, amma kar in taɓa ubansa. Na ce masa to.

Bayan la'asar fili ya cika. Aka yi kamu uku, suka kayar mana da biyu, samarinmu suka fara waiwayena. Da gwarzon ya fito ya kama namu, wani ɗan ƙanin Inna ne mai sabon aure, sai na ɗaga murya na tambaye shi da wane hannu zai kama, shi da ya fito gidan da ba a gadon yatsu. Mutanenmu suka ɗauka. Na maimaita sau uku, 'yan mata suna tafi. Na ji gangar wana ta yi shiru a bayana, ban tsaya ba.

Saurayin bai dube ni ba. Ya sunkuci ɗan'uwan namu sama, maimakon ya shimfiɗe shi da baya kamar yadda ake yi, sai ya juya shi ya dasa masa kai a ƙasa. Duk wanda ke filin ya ji ƙarar wuyan. Daga nan ya nufo ni.

Abin da ya biyo baya gutsu-gutsu nake tuna shi. Namu suka zaro filafilan tuƙa jirgi da suka jingine a gindin tsamiya, nasu suka ɗauko ƙotocin fartanya. Na ga wani tsoho da ya shiga rabo ya faɗi jini na bin gemunsa. Na ga mace da goyo ana tattaka ta. Saurayin ya naushe ni a baki, haƙorana biyu suka zube, na kife. Wani daga cikinsu ya ɗaga taɓarya zai sauke mini a ka, wana ya tare da ganga. Gangar ta tarwatse. Bugu na biyu ya sami wana a hannun dama, ya niƙe masa yatsu. Sai da 'yan doka suka iso kafin aka watse.

Ɗan ƙanin Inna ya kwana uku ba ya motsa komai sai ido, sannan ya cika. Aka ɗaure saurayin. Ni ba wanda ya kama ni, don alƙali ya ce waƙa ba makami ba ce. Inna ba ta yarda da haka ba. Ranar sadakar uku ta same ni a bayan ɗaki ta ce, "Kai ka kashe yaron ga. Wancan hannu kawai ya sa."

Damina biyu ban buɗe baki da waƙa ba. Na koma noman albasa, na koyi ban ruwa da ƙwarya kamar kowa. Hannun wana ya warke a dunƙule, yatsun ba sa buɗewa. Bai taɓa yi mini maganar ba, abin da ya fi duka ciwo ke nan. Wata rana na dawo daga fadama na tarar ya sa matarsa ta ɗaure masa gula, wato makaɗin ganga, a wuyan hannu da igiyar fata, yana gwada bugun wata sabuwar ganga. Bugun ya yi nauyi, ba irin nasa na da ba, amma yana tafiya daidai. Ya ce masuntan Warra sun aiko suna son kiɗa a bikin sabbin jirage, ya amsa musu. Na ce ba zan iya ba. Ya ce shi da ba shi da yatsu zai je, in zauna in ina so.

Na bi shi. A cikin jirgi muka yi sharaɗi: ba zambo a kan jikin mutum, ba a kan iyayensa, kuma ba za mu saki gonar albasa ba, don kar yunwa ta sa mu rera abin da aka ce mu rera. Shewa ta ragu sosai. A hankali dai gayyata ta yawaita: gayyar noma, bikin aure, sunan jariri, har godiyar girbi a coci da bukukuwan masu gargajiya, tunda ba mai tsoron ya kira mu mu ci mutuncin baƙonsa. Da siyasa ta dawo an zo da mota ana neman in zagi wani, na ƙi, aka kwashe shekara ba a kira mu wasu gidaje ba. Albasa ta riƙe mu.

Bayan shekaru na haɗu da saurayin a kasuwar Warra, ya fito daga kurkuku, ya rame, kansa ya yi furfura. Muna haɗa ido ya ajiye buhun da ke kansa, ya tako ya kwaɗa mini mari har na zauna cikin kwandon kifin wata mata. Mutanenmu suka taso, na ɗaga hannu na ce kowa ya tsaya. Ya tsaya a kaina yana huci, ya ce ubansa ya rasu shi yana ɗaure, kuma har ya rasu yaran da ke wucewa ta bayan bukkarsa waƙar nan suke rera masa.

Na ce, "Ban da abin da zan ce maka. In kana son ƙari, ga ni."

Ya ɗauki buhunsa ya wuce. Ban sake ganinsa ba. An ce ya koma wajen Shanga da zama. Na biya matar kifinta da ya zube, na wanke fuska a bakin tafki. A ranar muna da bikin aure a wani ƙauye hayin ruwa, wana yana jirana a jirgi da ganga. Ya dubi leɓena da ya kumbura, ya tambaye ni ko zan iya waƙa haka. Na ce zan gwada, matuƙi ya tura jirgi muka tafi.