Hannun Goggo a Tallar Wani

Shekara goma sha takwas Goggo ta yi tana lanƙwasa wayar tagulla a ɗakinta, tana ƙera 'yan kunne masu siffar ganye. Da 'yar ƙaninta ta buɗe mata shafi a intanet, sai ciniki ya kankama.

Bayan wata biyu, maƙwabciyarta ta miƙo mata waya. Wani shago ne yake tallar irin ƙirarta a rabin kuɗi, kuma da hoton da ita ta ɗauka.

"Kai jama'a, wannan ai hannuna ne!" in ji Goggo. "Ga tabon ƙuna nan a babban yatsana!"

Ta kai ƙara wurin masu shafin, suka ce ta kawo shaidar cewa ita ta fara ƙirar. Ba ta da ko ɗaya, don ba ta taɓa zana komai a takarda ba.

Yanzu kowace sabuwar ƙira sai ta zana ta, ta rubuta kwanan wata, ta buga tambarinta a baya kafin ta nuna wa duniya. Tana yi tana tsaki, domin rabin yininta a rubuce-rubuce yake ƙarewa.