Zomona na Farko a Dajin Argungu

Shekarun baya, ina ajin ƙarshe na ƙaramar sakandare, muna zaune a unguwar Badariya, mahaifina ya faɗi wata magana da ta hana ni sukuni har bazara ta kusa ƙarewa.

Ni ɗan fari ne, kuma duk wanda ya tashi a irin gidajenmu ya san abin da hakan ke nufi. Mahaifina ba ya kiran sunana. "Kai" ne sunana a bakinsa, in ransa ya yi fari ya ce "kai yaro". Malamin firamare ne, mai shiru-shiru, amma jinin mafarauta ne daga wani ƙauye a bayan Argungu. Duk shekara in ciyawa ta bushe aka ba da hutu, sai ya rataya bindigarsa ya hau babur ya tafi wurin yayansa su shiga daji. Ya dawo ya yi baƙi wuluk, da zomaye da fakaru a buhu. Mu dai namu ci ne.

Ran nan da la'asar yana wanke babur a ƙofar gida, ina miƙa masa ruwa, ko kallona bai yi ba ya ce, "Kai, bana da kai za mu tahi hwarauta, in an ba ku hutu."

Saura kaɗan bokitin ya suɓuce mini.

"Ni, Baba?"

"Akwai wani nan bayan kai?"

Washegari kafin a buga ƙararrawar shiga aji, babu wanda bai ji labari ba. Da safe zomo na ce za mu kamo. Kafin tashi ya zama barewa. Zuwa ƙarshen mako kura ce muke nema, har wani abokina ya roƙe ni in kawo masa jelarta, ni kuma na yi masa alkawari ba ko kunya.

Sai dai ban yi lissafi da mahaifiyata ba. Da ta ji, tana tsakiyar tankaɗe, ta ajiye rariya ta ce, "Malam, yaron ga ba inda za shi."

Tana da dalili. Ƙaninta ido ɗaya gare shi, bindigar gargajiya ce ta fashe a hannun abokin farautarsa. Matar da ko ciwo nake ba ta nuna damuwa a gaban mutane saboda alkunya, ranar ta tsaya kai da fata.

Ni kuwa sai na koma yaron kirki dare ɗaya. Shara kafin a ce, wanke-wanke kafin a ce, randa kullum cike. Ta dube ni wata safiya ina goge mata tukunya har tana sheƙi, ta ce, "Wanga ladabi na zomo na, na san shi." Amma na ga gefen bakinta ya motsa.

Abin da ya warware maganar daga Baba ya fito. Ya ce mata, "To bana ba ni tahiya da bindiga. Kere za mu riƙa, da karnuka, kamar yadda munka tashi." Sai ta ce, "Allah shi tsare." A lokacin murna kawai na yi. Sai da na girma na gane cewa mutumin da ke jiran wannan fita shekara guda ya bar bindigarsa a bayan ƙofa ne saboda ni.

Daga nan shiri ya kankama. Baba ya samo icen marke ya sassaƙa mini kere, gajeriyar sanda mai lanƙwasasshen kai da ake jifan zomo da ita. Kullum da yamma mu zagaya bayan gida, ya kafa gwangwanin madara a kan dutse, ya ce in jefa. Jama'a, a duk unguwar nan babu abin da ya kai gwangwanin nan kwanciyar hankali. Na sami katanga, na sami bishiyar darbejiya, na sami zakaran maƙwabta har sai da Inna ta je ban haƙuri. Gwangwani na nan daram.

Baba bai taɓa yi mini tsawa ba. Ya kan kama kafaɗata ya juya ta, ya ce, "Sassauta hannu. Kuma zomo ba ya tsayawa shi jira ka. Ba inda yake za ka jehwa ba, inda za shi." Sai ya ɗaura wa gwangwanin igiya yana ja da gudu, malamin makaranta guda da furfurarsa, ni ina jifa. Ranar da na fara samu, ihun da na yi sai da ƙannena suka fito a guje.

Ya kai ni kasuwa aka yanka mini takalmin taya saboda ƙaya. Inna da ta ce ba inda za ni, ita ce ta soya ƙuli-ƙuli ta ɗaure, ta wanke mini goran ruwa, tana yi tana mita.

Sai kuma wata fargaba ta taso. Ana saura kaɗan mu gama jarrabawa, hadari ya fara leƙowa daga gabas da yamma. In ruwa ya sauka, farauta ta ƙare, Baffa, yayan Baba, zai koma gona, sai kuma baɗi. Duk garin ana fama da zafi ana roƙon ruwa, ni kaɗai nake ɗaga hannu ina cewa a ɗan jinkirta. Har na tambayi Inna ko hakan zunubi ne. Ta ce, "Ka tambayi manoman Zauro, su ba ka amsa da sanda."

Ranar takarda ta ƙarshe, ina fitowa na hangi Baba a bakin ƙofar makaranta a kan babur. Bai taɓa zuwa ɗaukata ba. Ya ce, "Baffanka ya bugo waya. Ya ce in ba gobe ba, sai wata shekara. Hau."

Da sassafe muka kama hanya, kerena a soke a bayan riga kamar wani jarumi. Muka wuce Gwadangaji, muka wuce Zauro, fadama shimfiɗe a gefe. Abin mamaki, Baba ya buɗe baki. Yana tuƙi yana nuna mini inda suke kamun kifi suna yara, da inda kare ya taɓa jefa shi a rami. Rabin maganar iska ta kwashe, amma ina ta cewa "Na'am, Baba" don kada ya daina.

Baffa ya tarbe mu da karnuka biyu ramammu kamar an zana su. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Wanga shi na ɗan birnin? To Allah shi sa kar zomo shi kore shi."

Muka shiga daji. Rana ta take, takalmin taya ya fara cin ƙafata, ba kura ba barewa, ko ɓera babu. Can wata fakara ta tashi fir daga ƙarƙashin ƙafata, na saki kere na dafe kai na yi salati da ƙarfi. Baba ya yi dariya har ya riƙe ciki ya zauna a ƙasa. Ban taɓa jin dariyarsa irin wannan ba.

Bayan azahar karnuka suka tayar da zomo daga gindin wata sabara, ya yanko ta gabana. Ban yi tunanin komai ba, na jefa gaba da shi kaɗan. Na ji ƙwas! Zomo ya wuntsila, kare ya danne shi.

"Yanka! Yanka kar shi zama mushe!" in ji Baffa.

Baba ya ƙwace shi daga bakin kare, ya juya shi gabas, ya miƙo mini wuƙa. Sai na ga idon zomon, na ji zuciyarsa na bugawa a tafin hannuna, na kasa ɗora wuƙar. Baba ya ɗora hannunsa a kan nawa, muka yi bisimilla tare. Da aka gama na tsaya ina kallon zomon.

Ya ce a hankali, "Ka ji tausai?"

Na gyaɗa kai.

"Madalla. Da ba ka ji ba, da ban sake zowa da kai."

Kafin mu kai ƙauye iska ta juya, ruwan farko ya sauko a kanmu. Baffa na hamdala, ni ina rungume da zomona a cikin riga kada ya jiƙe, kamar wanda zai yi mura.

Shi kenan abin da muka samo a fitar nan, zomo ɗaya tal. Inna ta dafa shi, ta rarraba wa maƙwabta, ni mafaraucin cinya guda ta iso gare ni.

Yau in na tuna, ba naman nake tunawa ba. Waɗannan yammacin na bayan gida nake tunawa, da yadda uba ke iya nemo hanyar da zai ja ɗansa jiki ba tare da ya furta komai ba. Na yi karatu, na kama aiki, na yi iyali. Amma har gobe in Baba ya yi baƙi na shigo gaishe su, ba ya ambaton ko ɗaya daga ciki. Sai ya nuna ni da sandarsa ya ce, "Kun ga wanga? Jihwa ɗaya yay yi ma zomo a Argungu."