Masarar da Ta Kayar da Akawal

A shekarar da Baba ya sakar mini gonarmu ta Yammedi, ruwa ya yi jinkirin ɗaukewa. Na karye masara da sauran danshi a jikinta, na zuba a rumbu. Da muka buɗe bayan wata biyu, ta ƙasa ta yi fumfuna, fari-fari da ɗan ja-ja. Inna ta ce ba za a kai ta niƙa ba. Ni kuwa na ga asara ce a zubar, sai na riƙa sheƙe ta ina ba dabbobi: raguna uku, saniya ɗaya, da dokin Baba.

Akawal ne, baƙi wuluk, mai faɗin ƙirji. Shekara da shekaru shi ke kai Baba kasuwar Rogo da zumunci Kwanyawa, har Baba yakan saki linzami ya bar shi da hanya.

Wajen mako uku da fara ba shi masarar, Baba ya dawo daga sallar asuba, dokin bai yi masa haniniya ba. Muka tarar yana ta zagaya turke ta ɓangare ɗaya. Can ya je ya dafa goshinsa a jikin katanga, ya tsaya cik, idanu a buɗe amma ba ya ganin kowa. Maƙwabta suka ce iska ce. Malamin tsangayarmu ya yi masa tofi, sannan ya ce mu haɗa da kiran malamin dabbobi. Na hau keke zuwa Karaye. Kafin mutumin ya iso washegari a kan babur, doki ya mutu.

Ya nemi izinin Baba ya buɗe kan dokin. Ban taɓa ganin irin wannan ba. Babu rauni, babu sara, babu cizo, amma gefe guda na ƙwaƙwalwar ya narke kamar kindirmo. Ya tambayi abin da dokin ke ci, na kawo masa masarar a ƙwarya. Ya murje ƙwaya ɗaya, ya shinshina.

"Baba, ga abin da ya kashe shi," in ji shi.

Ya ce fumfuna takan bar dafi a cikin ƙwaya, dafin da ido ba ya gani, wanki da shanya ba sa fitar da shi. Baba ya nuna ragunan, suna kwance suna tuƙa abinsu, ya ce ai tare suka ci. Mutumin ya ce masu tuƙa sun fi doki jure wannan dafin, amma su ma yana cinsu a hankali. Inna daga ƙofar ɗaki ta ce lalle nonon saniyar ya ja baya.

Na durƙusa na ce, "Baba, ni na ba shi."

Bai dube ni ba. Ya ɗora ƙwayar a tafin hannunsa, ya daɗe yana kallonta, sannan ya kalli gawar dokin, wannan uban jiki da sai da maza takwas suka taru kafin su ja shi.

"Tsarki ya tabbata ga Allah," ya ce a hankali. "Tashi, kai ma ba ka sani ba."

Da la'asar muka ƙone sauran masarar a bayan gari. Nonon saniya ya dawo, ragunan suka kai Layya lafiya. Baba bai sake sayen doki ba. Ranar kasuwa yakan fita bakin hanya ya jira mota.