Ka Ci Ɗaya, Ƙarfe Ya Rasa Biyu

Ranar wata Asabar ce, saura kwana uku a kama azumi, shekarar da nake aji biyar na firamare, Gwaggo Asabe ta shigo gidanmu na Badarawa da gutsuren ƙarfe biyu ƙunshe a bakin zanenta, ko sallamar kirki ba ta iya yi ba. Maƙwabciyarmu ce, Bakatsiniya, mijinta direban tifa ne da ya rasu ya bar mata 'ya'ya huɗu da injin markaɗe guda ɗaya. Sandar ƙarfen da ke juya injin ce ta cinye har ta karye. Duk wanda ya taɓa azumi a unguwa ya san abin da hakan ke nufi, don daga azahar robobin wake da na gero ke jeruwa a ƙofarta har bakin kwata, kuma wannan wata guda shi ke ciyar da gidanta, shi ke ɗinka wa yaranta kayan salla. Ga shi wani Bakano ya kafa sabon inji a bakin titi, robar da ta saba da wata ƙofa kuwa ba ta cika dawowa ba. Ta zube ƙarafan a gaban Baba ta ce, "Malam, in injin nan bai tashi ba kafin a ga wata, ban san mi za ni ce ma yaran nan ba."

Baba magatakarda ne a wata ma'aikatar gwamnati, mai zuwa ofis da kaftani fes da biro biyu a aljihu. Amma da ya dawo ya yi la'asar sai ya tuɓe, ya sa wata tsohuwar singileti, ya shige gareji. A can ya ajiye injin da ya saya a gwanjon tsofaffin kayan gwamnati, injin da ke damƙe ƙarfe a bakinsa yana juya shi, wata 'yar wuƙa tana bi tana rage masa kauri. Mu a gida injin fere muke ce masa, don yadda ake fere rake haka yake yi wa ƙarfe. Abokan aikin Baba sun sha yi masa dariya wai ya koma maƙeri da tsufansa. Su ɗin nan kuwa, mutanen da ko ƙusa ba su iya bugawa a miƙe ba, da famfon gidansu ya fara ɗiga ko keken ɗinkin matansu ya tsaya, sai ka gan su a ƙofarmu suna washe baki. Ko kwabo bai taɓa karɓa ba.

Yayyena maza ƙwallo ta ɗauke musu hankali, sai ni na zama 'yar gareji. Bayan na yi shara na ɗebo ruwa a famfon layi, ina jiyo ƙawayena suna 'yar gala-gala a waje, amma ƙarar injin nan ta fi jan raina. Baba ya taɓa fere mini turmi da taɓarya na tagulla, ƙanana kamar ɗan yatsa, na kai makaranta na yi mako ina mulki da su a gindin dalbejiya. A garejin na haddace dokokinsa kamar karatun allo. Ba a shiga da babbar riga ko mayafi mai lilo, ɗankwalina ma sai na ɗaure shi tamau na cusa bakinsa. Makullin da ake ɗaure bakin injin da shi ba ya kwana a jikin injin ko na ƙiftawar ido, don in aka kunna da shi a ciki jifa zai yi. Ɓawon ƙarfen da ke zubowa a nannaɗe, mai sheƙi kamar abin wasa, ba a taɓa shi da hannu, sai da burushi. Ba a awo inji na juyawa, ba a kuma awon ƙarshe ƙarfe na da zafi, domin zafi na kumbura shi ya yi maka ƙarya. Babbar dokar kuwa tana jikin ɗan hannun da ake murzawa a tura wuƙa ciki, mai layuka a zagaye. Tunda ƙarfen juyawa yake, wuƙar tana cin sa ta kowane gefe, saboda haka duk layin da ka murza, kauri na raguwa da biyu. Baba yakan ce, "Ka ci ɗaya, ƙarfe ya rasa biyu. Kuma abin da ka fere ba ya komawa."

A ranar da Gwaggo Asabe ta zo, sanda mai kyau guda ɗaya tak Baba ke da ita, wadda ta yi shekara a bayan ƙofa yana tattalinta. Ya ɗaura ta, ya yi ta fere har ta kusa kai kaurin da za ta shiga boris ɗin injin markaɗen dam, wato zoben ƙarfen da sandar ke juyawa a cikinsa. Saura layi takwas ya kashe inji don ƙarfen ya huce. Ana haka aka aiko an yi rasuwa a Kurmin Mashi, ya wanke hannu ya zura riga ya tafi jana'iza, ya ce da ni kada kowa ya taɓa.

Bai fi rabin awa da fita ba sai ga Kawu Lawal, ƙanin Mamanmu. Shekara ɗaya ke nan da ya gama karatu, amma duk wanda ya kira shi Lawal ba Injiniya ba, yakan yi kamar bai ji ba. Yakan ɗaura taye a wuya ko ranar Asabar. Takardar shaidarsa ya yi mata gilashi ya rataye a ɗakin kakarmu, sama da hoton Makka. Ban taɓa ganin baƙin mai a farcensa ba, ban kuma taɓa jin an ce ga abu ɗaya da ya gyara ba, sai dai in fitila ta mutu ya tsaya ya yi mana bayanin dalili da Turanci, mu kuma muna zaune a duhu. Da ya ga Gwaggo Asabe zaune a tabarmar Mama tana jiran Baba, ya ji labari, sai ya yi wata 'yar dariya ta hanci ya ce ai wannan aikin minti biyar ne, abin da suka yi a shekarar farko. Mama, da ba ta ganin laifin ƙaninta, ta ce to Alhamdu lillahi.

Na bi shi garejin. Taye dai ya cusa a riga bayan na nuna masa. Ya auna sandar, ya auna ramin boris, ya ce saura takwas, kuma gaskiya ne. Sai na ga ya kama hannun yana murzawa yana ƙirga, ya wuce huɗu, ya wuce biyar. An yi mana tarbiyya yaro ba ya gyara wa babba, amma bakina ya riga ni.

"Kawu, huɗu ake murzawa. Baba ya ce ɗaya biyu take ci."

Ko juyowa bai yi ba. "Takwas ban da takwas nawa ne, 'yar aji biyar? Je ki taya uwarki wanke-wanke."

Ya kunna, wuƙa ta bi ƙarfe tana kuka, ɓawo mai kauri na zuba. Da ya gama ya ɗauki boris ya zura, sai ga shi yana rawa a jikin sandar kamar awarwaron babba a hannun jariri. Ya cire ya sake zurawa, sai ka ce zurawa ta biyu za ta dawo da abin da ke zube a ƙasa. Daga nan ya goge hannu da hankici, ya ce injin ne ya tsufa, layukansa ba na zamani ba ne, kuma dama bai kamata a ajiye irin wannan tarkace a gidan mutane ba. Ya tuna yana da wani taro, ya fice ta gaban Gwaggo Asabe bai dube ta ba. Girman kai rawanin tsiya, in ji masu magana. A ranar na fara raina babba, kuma har yau ban nemi gafarar wannan rainin ba.

Baba ya dawo ya juya sandar a hannu, ya dube ni, na ce, "Takwas ya murza." Ya ce, "Ai lissafinsa daidai ne. Ƙarfen ne bai je jami'a ba." Gwaggo Asabe ta rufe fuska da gefen mayafi. Sabuwar sanda sai an je kasuwa an nema, ga wata na tsakiya babu albashi, ga gobe Lahadi.

A tsakar gidanmu akwai tsohuwar motar Baba da ta yi shekara uku a kan duwatsu. Ƙusa bayan ƙusa yake gyara ta, ya kuma yi mana alkawarin a cikinta za mu je Zariya da sallar bana. Ya daɗe tsaye yana kallonta, sannan ya shimfiɗa buhu ya shige ƙarƙashinta ya zaro sandar da ke juya tayar baya. Ƙarfen mota taurin tsiya gare shi, wuƙa ba ta cin sa haka nan, don haka bayan Mama ta sauke tuwo ya tura shi cikin murhu har ya yi ja, ya binne shi a toka ya kwana yana hucewa a hankali. Lahadi ba a kawo wuta ba sai bayan la'asar, Gwaggo Asabe ta leƙo ya fi sau biyar. Litinin da ya taso ofis ya ƙarasa, kaɗan kaɗan, yana ɗiga mai yana tsayawa yana awo. Da aka zo na ƙarshe ya miƙo mini ma'auni ya ce saura nawa, na ce shida. Ya ce nawa za a murza, na ce uku. Ya ce, "Murza biyu tukuna, ki sake aunawa." Da hannuna na murza, muka auna, sannan na ƙara ɗayan da ya rage. Boris ya shiga da ɗan bugun katako, ya zauna ko motsi babu. Magaribar da aka ce an ga wata, ƙarar injin Gwaggo Asabe ta cika layinmu, washegari robobi suka jeru har bakin kwata. Motar Baba ba ta sake tashi ba, kaji suka yi ta ƙwai a kujerar baya, Zariya kuwa a motar haya muka je.

Kawu Lawal ya yi gaba, kamar yadda irinsu ke yi. Ya zama darakta, an rubuta Injiniya da ruwan zinari a ƙofar gidansa, kuma na ji ana cewa duk aikin da ya bi ta hannunsa, in an ce ya ci ɗaya, biyu ke tafiya. Ashe darasin ya shige shi, ta wata ƙofar dai. Bayan rasuwar Baba, yayyena suka sayar da injin feren wa 'yan gwangwan a kan sikeli, kamar ruɓaɓɓen kwano, garejin ya zama shagon cajin waya. Yanzu ɗan yayana kan nuna mini samari a waya, sun sa safar hannu da agogo suna koyar da fere ƙarfe, abin da Baba zai kore su daga ƙofa a kansa. Sandar da Kawu ya lalata tana hannuna, da ita nake tokare ƙofar kicin. In na wuce Badarawa ana gobe azumi na jiyo ƙarar markaɗe, sai in ji warin mai da ƙarfe mai zafi, in ga bayan singiletin nan a duƙe. Har yau, ko yadi zan yanka ko magana zan mayar, rabi nake fara ci in tsaya in auna.