Babban Yatsan Inna

Ranar Asabar ce, ƙarshen watan bakwai na shekarar 2004, ranar da aka yi zaɓen kansiloli na komin, wato ƙaramar hukuma. Ina da shekara goma. Gero ya kai gwiwa a gonakin ƙauyenmu da ke ƙasar Bande, ana shirin maimai, amma ranar ba wanda ya taɓa hauya. Ajinmu na lekwal, makarantar boko, aka mai da wurin zaɓe. An fitar da teburanmu an jibge a gindin darbejiya, an kafa zana a lungun da muke ajiye tsintsiya, akwatin ƙuri'a kuma yana kan teburin malam da muke tsoron ko jingina da shi. Ina tsaye a layin mata kusa da mahaifiyata, Inna, da goyon ƙanina a bayana, ina ta kallon hannuwanta. Sun sha lalle har sun yi baƙi wuluk, ni kuwa sai fahariya nake, don ni na daka lallen.

Abin da ya fito da matan garinmu ranar nan ruwa ne. Rijiyarmu takan ƙafe tun kafin bazara ta yi nisa, sai mu tafi ƙauyen gaba da tuluna da jarkoki, mu jira masu rijiya su shayar da shanunsu tukuna. Ni da ƙawayena ba mu san 'yar gala-gala da safe ba, sai da yamma, in ƙafa ta bari. Wuyan Inna ya riga ya sankare da ɗaukar tulu. To sai ga Baba Ilu, maƙwabcinmu mai gyaran amalanke, sunansa ya shiga cikin 'yan takara. Bai yi wa kowa alkawarin sama da ƙasa ba. Abu ɗaya ya faɗa: in ya zauna a majalisar komin, ba zai rufe baki ba sai an kafa mana famfo. Inna ta ce, "Wannan karon da hannuna zan ɗebo ruwan nan."

Saboda haka matan suka ɗauki ranar kamar Salla. Aka wanke zannuwan fita, aka yi kitso, aka ce kuma ba mace mai mutunci da za ta miƙa hannu fari fat a gaban baƙi. Mu yara muka tsinko ganyen lalle, muka shanya, muka daka, muka tankaɗe. Suka ƙunsa, suka kwance, suka sake ƙunsawa don ya kama sosai. Ma'aikatan zaɓe kuwa sun zo garin kafin ranar, sun tara maza a ƙofar mai gari, sun nuna musu yadda ake sa takarda a ambulan da yadda ake tsoma babban yatsa a tawada bayan an jefa. Ko ɗayansu bai ce a kira mata ba. Mazan ma da suka dawo gida ba su ga abin faɗa ba.

Shugaban wurin zaɓen wani saurayi ne da aka turo daga Magarya, da gilashi da rigar sanyi a cikin zafin nan. Tun hantsi yake leƙa hadarin da ke haɗuwa a gabas, don yana so a gama motarsu ta ƙetare korama kafin ruwa ya sauko. Da layi ya zo kan Inna ta miƙa katinta, ya ce ta buɗe hannu. Ya dubi yatsan, ya tura mata katin. "Inna, kin riga kin yi. Ga tawada nan." Ta yi dariya, ta zaci wasa yake, ta kira shi Mushe yadda muke kiran malaman lekwal. "Mushe, lalle ne fa. Uwarka ba ta ƙunshi?" Ya ce shi doka ya sani, yatsa mai baƙi ba ya jefa ƙuri'a. Rajistar masu zaɓe tana gabansa, da ya buɗe zai ga ba ta dangwala ba. Bai buɗe ba. Haka ya bi matan ɗaya bayan ɗaya yana korarsu kamar kaji sun shiga shanya. Dattawa suka yi magana, Baba Ilu ya roƙa har ya cire hula, jandarman da ke ƙofa ya ce a ba da hanya.

Wanda ya san lalle ya san ba ya fita sai ya ga dama. Duk da haka matan suka bazu cikin gidaje suna dirzawa, wata da toka, wata da lemun tsami, wata da yashi. Inna ta durƙusa a gaban dutsen niƙa ta ɗora babban yatsanta tana gogawa. Ina ce mata ta bari, tana ce mini in zuba ruwa. Ta goga har fata ta saɓule, jini ya biyo dutsen da muke niƙa hatsi a kai. Ta naɗe da tsumma, ta gyara ɗaurin kallabi, muka koma. Saurayin nan ya sa ta kwance tsumman, ya duba, ya juya ga abokan aikinsa ya ce, "Kun gani ko? Ta je ta kankare tawadar." A gaban mutanen gari ya mai da uwata ɓarauniyar ƙuri'a. Ta ɗauki katinta ta soke a bakin zane, ta kama hannuna da hannun nan mai ciwo, muka fito. Ruwan da saurayin yake gudu ma bai sauko ba sai washegari.

Baba Ilu bai samu kujerar ba, kuma ƙuri'un da suka rage masa ya ci ba su kai yawan matan da aka kora ba. Famfo ya tafi garin da ya samu kansila. Mun ci gaba da jiran shanun mutane su ƙoshi har na gama firamare, har Inna ta fara kwana da ciwon wuya. Ba wanda ya zo ya ba da haƙuri. Shi saurayin ban san inda yake ba, wataƙila ma ya zama babba a wani ofis yana koya wa wasu aikin. Har yau in na tuna shi raina yana ɓaci kamar jiya aka yi, kuma ban taɓa ƙoƙarin in huce ba.

Yanzu akwai famfo a garinmu, yara suna tara jarka suna wasansu a gefe, ba su san hanyar waccan rijiya ba. Matan da suka yi layin nan da yawa sun rasu, ina kewar hayaniyarsu da ƙamshin lallensu na safiyar nan, kafin a buɗe ƙofar ajin. Inna ta tsufa, amma ba ta daina ƙunshi ba. Ranar bikina na ga ta ƙunsa hannu biyu ta bar babban yatsa fari, da tabonsa a fili. Na ce, "Inna, ai bana ba zaɓe." Ta ce, "Bar shi haka. In sun zo, su same ni a shirye."