Ba Tafiya Ce Ta Kashe Ki Ba, Yaya

Mai rai ya karɓi abinsa, mu ma can muka nufa. Ranar Talata, tara ga watan nan, da hantsi, Allah ya yi wa Yaya mai ɗinki rasuwa, maƙwabciyata ƙofa da ƙofa. Ni ban iya rubutu ba, babban ɗana ke rubutawa. Na ce ya sa yadda na faɗa, ko da shi nake.

Yaya, a kan bencin gaban kantin magani kika cika, inda muke hutawa in mun zagayo. Kika ce, "Bari in ɗan numfasa," kika jingina da kafaɗata. Shi ke nan. Tun ranar ake ta cewa wai tafiyar da muke yi kullum ce ta kashe ki. Ɗana ma haka ya ce, har ya ɓoye mini takalmi. Rubuta mana, ba kai ka ɓoye ba?

To, bari in tuna musu. Sanda likita ya ce zuciyarki ta gaji, ko matakalar gidanku ba kya hawa sai kin zauna a tsakiya. Zaman keken ɗinki ya cinye ki. Likitan ya ce ki riƙa takawa, kika fara daga ƙofa zuwa bakin titi. Lokacin jikarki tana goye. Bara ke kika ɗinka mata kayan shiga sakandare. Shekarun nan Allah ne ya ba ki, amma da ƙafarki kika je kika karɓo.

Ni kuma da hawan jini ya sa na maƙale a ɗaki, ke kika leƙo ta taga. "Ke, kujerar nan aurenki ta yi ne? Tashi!" Na ce tsoro nake ji. Kika ce, "Taho da shi, shi ma ya motsa jini."

Ba ki da wani ma'auni sai hira. In muna tafe dole sai na yi ta magana. In haki ya hana ni ƙarasa zance, ki ce mu rage. In na ɓarke da waƙa, ki ce, "Au, har da waƙa? Ashe da sauranki, ɗaga ƙafa!" Gulmar unguwa kaf a hanyar nan muka ƙarar da ita, Allah ya yafe mana. Kumburin ƙafata ya saɓe, na koma ina share ɗakina da kaina.

Ba zan ɓoye miki ba, Yaya, a tsorace nake. Da ƙirjina ya buga sai in ga bencin nan. Jiya na sa aka kai ni wurin likita, ya auna ni, ya ce in ci gaba a hankali. A gabanka ya faɗa, kai mai rubutu, kada ka tsallake wurin nan. Kwanana in ya ƙare, ya same ni a tsaye. Na ɗanɗana zaman kujera, ba zan koma ba.

Allah ya jiƙan ki, ya yafe miki, ya haskaka makwancinki, ya sa Aljanna ce gidanki. Ku 'ya'yanta da jikoki, Allah ya ba ku haƙuri. Kada ku yarda a ce muku uwarku ganganci ta yi. Gobe zan zo gaisuwa gidan babbar 'yarta, can bayan gada. Ɗana ya ce zai kai ni a mota. To, sai dai ya yi gaba da motarsa, ya ce muku ina tafe da ƙafata.