Maginin da Ke Yanka Bene a Zaune

Dalhatu magini ne tun yana saurayi. A Magama aka haife shi, kuma da yawa daga cikin shagunan da ke bakin titin boda akwai hannunsa a ciki. Har Maraɗi ake kiransa aiki. A can ne ma, yana da shekara arba'in da 'yan kai, katakon da yake takawa a saman bene ya karye da shi. Aka dawo da shi gida kwance a bayan mota. Ya rayu, amma ƙafafun ba su sake ɗaukarsa ba.

Ya daɗe a zaure yana kallon manyan motoci suna wucewa. Matarsa Rabi'a ta ce shirunsa bai dame ta kamar hannunsa ba: ko yaushe sai ta gan shi yana shafa bango, yana laluben inda yaɓe ya karkace.

Wata Sallah, Ilham ɗiyar ƙanwarsa, wadda ta karanta zanen gine-gine tana aiki a Katsina, ta zo da kwamfutarta don tana da aikin da ba ta gama ba. A zauren ta zauna. Ya leƙa allon, ya ga wani abu kamar tubali, ba ƙofa ba taga.

"Wanga mi ne ne?"

"Curi ne, Kawu. Kafin a zana ɗaki ko ɗaya, sai a fara tsayar da jikin ginin haka, kamar an cura laka. Sai in gaya wa kwamfutar tsayin kowane hawa, ta yanka shi."

Ta danna. Curin ya rabu hawa-hawa, a gefe kuma lambobi suka fito, kowane daɓe da faɗinsa. Ta ja bango ɗaya waje, lambobin duka suka sauya kafin ta ɗauke hannu.

Dalhatu ya ƙura wa lambobin ido. Shi da igiya da turaku ya saba sanin faɗin wuri, cikin rana, kuma sai ginin ya tashi ake sanin na sama. Can ya ce, "Sake ja in gani." Ta ja. Ya ce, "Ikon Allah. Ginin da babu shi, an riga an auna shi."

Da za ta koma ta bar masa tsohuwar kwamfutarta. Turancinsa bai wuce na sunayen kayan aiki ba, don haka da siffa ya haddace maɓallan. Yatsun da siminti ya cinye suka sha wuya da linzamin kwamfutar. Idan ya maƙale sai ya kira ta a waya, ta yi ta dariya tana cewa, "Kawu, ba bulo ba ne, sassauta hannu." A hankali ya iya. Ya fara da gidajen da ya taɓa ginawa, yana tayar da su daga ka, yana yankawa.

Lokacin da aka rufe boda, direbobi sun sha kwana ƙarƙashin motocinsu. Bayan an buɗe, ƙungiyarsu ta ƙudurta gina masauki, ƙasa sito, sama ɗakunan kwana. Sai dai filin da suke da shi tsukakke ne, kamar yankan kankana, gabansa titi, bayansa kwari. Wasu suka ce a sayar kawai, ba zai ɗauki komai ba. Shugabansu, Alhaji Mudathir, ya taho da su zauren Dalhatu da awon filin.

Dalhatu ya shimfiɗa filin a allo, ya tayar da curi a kansa, ya yanka hawa uku. Ya karanta musu: kowane hawa murabba'in mita ɗari biyu da sittin.

Abdulfatah, wani direba ɗan Maraɗi, ya girgiza kai. "Malam Dalhatu, kun cinye gaban duka. Ina kamiyo, babbar mota, za ta juya?"

Dalhatu ya tura kusurwar gaba ciki. Lambobin suka sauko gaba ɗaya. Alhaji Mudathir ya ce, "To, ga shi nan, ɗakunan kwana sun tafi."

"A yi haƙuri, Alhaji."

Ya bar hawan ƙasa yadda yake, ya jawo na sama biyu suka leƙo gaba bisa ginshiƙai. Na ƙasa ya tsaya a rage, na sama suka koma yadda suke. Ƙarƙashin leƙen kuma ga inuwa, ga wurin juyawa. Ya karkata curin suka gan shi ta sama, ta gefe, ta wajen kwarin.

Wani dattijo da ya fi kowa nacewa a sayar ya matso, ya kai yatsa kusa da allon, ya fasa taɓawa. Alhaji Mudathir ya ce a hankali, "Tun ɗazu muna rushe bene muna tayarwa, ko shayinmu bai huce ba."

Dalhatu bai ɓoye musu ba cewa curi ba zane ba ne. Ya tura wa Ilham, ita da injiniyan kamfaninsu suka fitar da ɗakuna da lissafin ƙarfe.

Yanzu hawa biyu sun tsaya, na uku yana jira. Ranar da aka zuba kankaren saman hawan farko, direbobi suka ɗauke shi da kujerarsa suka haura da shi. Ya sa aka zagaya da shi daɓen daga kusurwa zuwa kusurwa. Daga nan sama ana hango shingen boda da jerin motocin albasa masu jiran a duba su. Abdulfatah ya nuna masa tasa a cikin layin, ita ce mai koren tamfol.